RA'AYINMU: Kyanwar Da Ba Ta Da Ubangida

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, mun san wasu za su buɗe wannan shafi suna sa ran ganin maganar kuɗin makaranta, ko ta ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ko kuwa ta zaɓen shugabannin ƙungiya. Waɗannan duka suna nan, kuma za mu komo kansu in Allah ya yarda. Amma a wannan fitowa mun ga ya kamata mu tsaya a kan wata 'yar halitta wadda kowa ke gani, ba mai kula da ita, watau kyanwar da ke yawo a unguwa ba ta da ubangida, wadda mu mutanen ƙasar Gwandu muka fi sani da mussa. Abin da ya jawo maganar kuwa wani al'amari ne da ya faru a Dalijan cikin hutun da ya wuce, a kan idon ɗaya daga cikin masu shirya wannan mujalla.

Ga yadda abin ya kasance. Bayan an gama kwashe gero an zuba a rumbuna, sai aka riƙa ganin wata kyanwa tana ɗingishi a bayan gidaje, da waya naɗe a ƙafarta ta gaba, da alama ta faɗa tarkon da wani ya ɗana wa gafiya ne ta tsinke shi ta gudu. Ƙafar ta kumbura, wayar ta nutse cikin nama. Yara kuwa suka sami abin wasa, duk inda ta ɓulla sai jifa da harbi da danƙo. A cikinsu aka sami wani yaro, bai fi shekara 9 ba, wanda tausayi ya kama shi. Ya bi ta har ƙarƙashin wani rumbu, ya zura hannu don ya cire mata wayar. Ita kuwa ba ta san mai taimako da mai jifa ba, ta kafa masa haƙori a babban yatsa ta tsere. Da ya koma gida aka shafa masa toka da gishiri, aka ɗaure da tsumma, aka yi masa faɗa, magana ta wuce.

Sai washegari da dare ɗan'uwanmu ya ji labari. Ya je ya sami kawunsa, mahaifin yaron, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce lalle a kai yaro asibiti. Dattijo ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, a kan cizon mussa za mu kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi? Boko ya sa muku tsoro." Ɗan'uwanmu ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. In lafiyarta lau, kuɗin mota kaɗai muka yi hasara. In kuwa tana da ciwon da nake tsoro, ranar da ya bayyana a jikin yaron nan ba likitan da zai iya kome." Dattijo ya yi shiru, can ya ce su tafi. Aka wanke ciwon, aka fara yi wa yaro allura. Daga nan ɗan'uwanmu ya nemi shawarar malamin dabbobi, ya kwana huɗu yana ajiye wa kyanwar nan abinci a wuri guda, har ya kife ta da kwando ba tare da ya taɓa ta ba. Malamin dabbobi ya yanke wayar, ya sa magani, ya ce a tsare ta a inuwa ana ba ta abinci har a cika kwana 10 daga ranar cizon. Kwanaki suka cika tana ci tana sha. Yau tana nan tana gadin rumbun dattijon da ya ce boko ya sa mu tsoro.

A ganinmu wannan labari ya ƙunshi darasi guda mai nauyi. Yaran da suka yi jifa ba su da tausayi. Yaron da ya zura hannu yana da tausayi, sai dai ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake taimakon dabbar da ke cikin tsoro, saura kaɗan tausayinsa ya zama ajalinsa. Wanda ya kamata ya haɗa biyun, tausayi da sani, shi ne wanda talakawa suka biya haraji aka ilmantar da shi, watau ni da kai, ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce mutane suna fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ku kuwa kun ɓata takarda a kan mage. Muna girmama wannan ƙorafi, amma muna roƙon mai shi ya yi lissafi tare da mu. Manomi a Dalijan ko Kalgo ya sha rana ya sha ruwa wata huɗu ko biyar kafin ya ga damin gero. Daga ranar da damin ya shiga rumbu, ɓera ya zama abokin cin arzikinsa. Hasarar ba ta tsaya ga abin da ɓeran ya ci ba, domin fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi su ne babbar hanyar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wadda kuma ta fi tashi da rani, daidai lokacin da rumbu ke cike. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ajiye kyanwa a gida cikin hanyoyin rage wannan ɓera, tare da rufe abinci da nisanta bola daga gida. Ashe ke nan maganar kyanwa maganar abinci ce da lafiya. Wannan amana kuwa ta daɗe. A shekarar 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara wajen 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Tun da ɗan Adam ya fara tara hatsi ɓera ya biyo shi, kyanwa kuma ta biyo ɓera.

Akwai kuma masu ƙorafi na gaskiya, su ne mata masu kiwon kaji, waɗanda muzuru ke ɗauke wa 'yan tsaki. Ba mu ce su yi shiru ba. Amma maganin wannan shi ne akurki mai murfi da dare. Zuba shinkafar ɓera ko fiya-fiya a cikin abinci a ajiye a bayan gida ba ya zaɓen wanda zai kashe. Kaza tana ci, akuya tana ci, yaro mai rarrafe yana iya kai wa baki. Sa'an nan ko an kashe kyanwar unguwa, muddin bola da ɓera suna nan, wata za ta zo ta maye gurbinta ba da daɗewa ba.

Game da camfin da ake yi cewa baƙar kyanwa da dare aljani ce ko mayya, abin mamaki ne a ce yana da kasuwa a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ɗan makarantar allo ma ya san dalilin da ya sa ake kiran Sahabin nan Abu Huraira da wannan laƙabi, ya kuma ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda ta ɗaure kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Mu lura, wannan gargaɗi ya hau kan mai jifa, ya kuma hau kan wanda ya kama ta da sunan taimako ya kulle ya manta.

Yanzu bari mu zo ga haɗarin da ya sa ɗan'uwanmu ya matsa wa kawunsa. Ciwon haukan kare, duk da sunansa, ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba. Gaskiya ne kusan duk mutanen da ke kamuwa da shi daga kare suke samu, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana kamuwa, ta kuma ba wanda ta ciza ko ta yakusa, domin ƙwayar cutar a cikin yawu take. An ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Muguntar ciwon ita ce yakan kwanta a jiki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ciwon cizo ya warke kowa ya manta. Ranar da alamu suka fito, mutum ya fara tsoron ruwa da firgita, to, kusan babu mai tashi. Amma kafin wannan rana ana iya tare shi sarai, tun daga ranar 6 ga Yuli, 1885, da Luwi Fasto na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar farko ya tsira. Shekara fiye da 100 ke nan da samun magani, amma har yanzu a ƙauyukanmu toka ake shafawa.

Saboda haka muna roƙon kowane mai karatu ya haddace wannan, ya kuma koya wa na gida. Duk wanda kyanwa ko kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo, kada a ƙiyasta. Kada a sa toka, ko barkono, ko man birki, kada a ɗaure tamau. A kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru da dabbar. Allurar tana bukatar ajiya cikin sanyi, don haka ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba. In ba a samu kusa ba, a nemi babban asibiti, a tambaya har a samu. Likita shi zai faɗi yawan allurar da ranakunta, shi zai duba ko ana bukatar ta tetanus da maganin hana ruɓa, domin haƙorin kyanwa siriri ne, yakan kai ƙazanta can ciki bakin ciwon ya rufe.

To, yaya ake kama kyanwar da ke bukatar taimako ba tare da an kai ga wannan ba? Abu na farko shi ne a tambayi maƙwabta. Sau da yawa wadda ake zaton ba ta da ubangida ta wani gida ce, yawo kawai ta fito. Na biyu, a zuba mata ido daga nesa kwana biyu ko uku. In an ga tana dalalar da yawu, ko tana tangaɗi kamar mai maye, ko ƙafafunta na baya sun shanye, ko tana auka wa mutane da dabbobi ba dalili, ko kuwa wadda aka sani da gudun mutane ta zo ta kwanta ba ta motsi, to, wannan ba aikinmu ba ne. A kawar da yara, a kira malamin dabbobi, a sanar da mai unguwa.

In babu waɗannan alamu, sai a shiga aikin haƙuri. A zaɓi wuri guda mai shiru, a riƙa ajiye mata abinci da ruwa a lokaci guda kullum, an fi son bayan magariba. Ɗan kifi da aka cire wa ƙaya ya isa, ko kifin gwangwani, domin ƙamshinsa yana jawo ta. A ajiye a ja da baya. Kada a ƙura mata ido, kada a bi ta. Sa'an nan a kawo babban kwando mai ƙwari, ko akurkin kaji na waya, a kife shi a tokare gefe guda da ɗan icce, a ɗaura wa iccen doguwar igiya, kamar dai yadda muke kama kurciya muna yara. A aza dutse madaidaici a kansa don kada ta ɗaga shi. Kwana biyu na farko a sa abincin a ƙarƙashin kwandon, a bar ta ta ci ta fita, har ta saki jiki. Ranar da za a kama ta a rage mata abincin da ya gabata don ta zo da yunwa. In ta shiga gaba ɗaya har wutsiya, ta duƙufa a kan ci, sai a ja igiya. Wanda ya yi gaggawa ya kuskure ta, da wuya ta sake yarda da wannan kwando.

Da zarar kwando ya faɗi za ta yi ta zabura tana buga kanta. Nan da nan a rufa masa bargo ko buhun algarara, duhu yana kwantar mata da hankali. A zura faffaɗan katako a ƙarƙashi sannu a hankali, a ɗaure shi da kwandon, kada a sa yatsa ta ƙofofin saƙar. Kada a yi amfani da zarge, ko tarkon waya, kada a kama ta ta wutsiya, kada a cusa ta cikin buhun leda a ɗaure baki. A ajiye ta a inuwa da ruwa kusa. Kowa ya san zafin Maris zuwa Mayu a ƙasar Kabi, inda ma'auni ke wuce 40, dabbar da aka rufe a rana ba ta daɗewa.

Akwai abu guda da ake yawan mantawa. In an ga nonuwanta sun cika, to, tana da 'ya'ya a ɓoye kusa, cikin kara ko kan soro. Ɗauke uwa na kwana biyu hukuncin kisa ne gare su. Sai a nemo su a haɗa, ko a sake ta in ciwonta ba mai tsanani ba ne. Haka kuma wanda ya tsinci 'yan kyanwa su kaɗai kada ya yi saurin kwashe su, sau da yawa uwar farauta ta tafi. Sukan buɗe ido bayan kwana 7 zuwa 10, ba su kuma isa rabuwa da uwa ba sai sun kai wajen mako 8.

Bayan kamu sai magani, a nan kuwa muke da babban gargaɗi ga 'yan'uwa masu son nuna sani. Maganin mutum ba na kyanwa ba ne. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya, wadda muke sha don ciwon kai, tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Yawancin magungunan kaska da ake fesa wa shanu da karnuka guba ne gare ta. Albasa da tafarnuwa suna ɓata mata jini, madarar shanu kuma takan sa wa da yawansu zawo. A kai ta wurin ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na Birnin Kebbi. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A nemi a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, wanda ake farawa tun tana wata 3 a riƙa sabuntawa, da maganin tsutsar ciki da na ƙuma. A kuma tambayi likita game da aikin hana haihuwa, domin kyanwa takan ɗauki ciki tun ba ta cika wata 6 ba, cikinta mako 9 ne kawai, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wannan aikin likita ne da allurar barci, ba irin dandaƙar bunsuru ba ce da za a yi a ƙofar gida. Mai taɓa ta kuma ya wanke hannu da sabulu, don wasu cututtukan fata suna wucewa daga ita zuwa mutum.

Daga ƙarshe sai a duba halinta. Wadda ta taso a hannun mutane za ta sake sabawa, a nema mata gidan da ke sonta. Wadda aka haifa a kango ba ta taɓa sanin hannu ba tun tana ƙarama, da wuya ta zama kyanwar Lami. Alherin da za a yi mata shi ne in ta warke a mayar da ita inda aka kama ta, inda ta san maɓoya da mashaya, a riƙa ajiye mata ruwa.

Kafin mu nuna wa mutanen ƙauye yatsa, ya kamata mu dubi namu zanen. Kyanwoyi nawa ne ke yawo a bayan ɗakunan kwananmu da wuraren cin abinci? Da yawansu mu muka jawo su. Ɗalibi ya ɗauko 'yar kyanwa don sha'awa, ya saba mata da ragowar abinci, hutu ya zo ya kulle ɗaki ya hau mota. Haka ƙaramin ma'aikaci, in aka yi masa canjin wurin aiki, ya kwashe katifa da tukwane ya bar ta a gidan haya. Yawancin kyanwoyin da ba su da ubangida a yau sun taɓa samunsa, ko iyayensu sun taɓa.

Don haka muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara uku. Ta sa maƙera su ƙera akurkin waya ko da guda 3 ne masu ƙofa, a ajiye a ofishinta don mai bukata ya ara ya mayar. Ta shirya 'yan'uwa masu karatun kimiyya da aikin lafiya, kowa in ya je hutu ya nemi izinin hedimasta ya yi wa 'yan firamaren garinsu bayani na rabin sa'a a kan wanke cizo da barin jifar dabba. Sa'an nan ta ɗauki ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare, ta gayyato likitocin dabbobi su yi wa karnuka da kyanwoyin da ke kewayenmu rigakafi. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun shekarar 1924, sanin yana nan, abin da ya rage shi ne mai ɗaukarsa ya kai ƙofar gida.

Ku kuma yayyenmu da suka riga mu kama aiki, malaman gona, malaman asibiti, malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, ku ne ke zaune cikin jama'a kullum, ku ake tambaya in abu ya faru. Mai unguwa da liman za su saurare ku in kun je da ladabi, kamar yadda dattijon nan ya saurari ɗan ƙanwarsa. Duniya ta sa wa kanta wa'adin shekarar 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare. Ko za a cika wannan wa'adi ko ba za a cika ba, a garuruwa irin Dalijan za a gane.

Yaron nan ya warke, ya koma makaranta. An ce yanzu shi ke kai wa kyanwar ruwa da safe, ya ajiye ya ja da baya, kamar yadda aka koya masa. Allah ya sa ilmin da muke nema ya amfani na gida, mutum da dabba. Amin.